Inda Baba Illa Yake Tuɓe Takalmi

Kabarin farko da na haƙa da hannuna na wani direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, ɗan Maraɗi, dogon mutum. Aka kawo mini igiyar da aka auna shi da ita, na dube ta a wulakance na ajiye, don a ganina wanda ya shekara bakwai yana fasa dutse a ramin kamfanin yuraniyom a Akokan, kusa da Arlit, ba ya bukatar igiya kafin ya gina ɗan rami. Da aka iso da makara aka zo sa shi, sai kabari ya gaza da taƙi guda. Jama'a suna tsaye cikin rana, gawa a hannu. Maigidana Baba Illa bai zage ni ba, ya dai miƙo mini diga ya ce wa mutane: "Ku yi haƙuri, ɗan Damagaram na, idonai ya hi igiya." Na shiga na ƙarasa, zufa da kunya suna tsere a fuskata.

Na fara da wannan ne saboda ku samarin da kuke zuwa yanzu ranar Juma'a da shebur sababbi, kuna cewa ai rami ne kawai, kowa ma ya iya. Ni ma haka na ce. Kuma a lokacin ba yaro ba ne ni, da matata da 'ya'ya biyu, kamfani ya sallame mu da kasuwar yuraniyom ta faɗi, na koma Tungar Garka ina ban ruwan albasa da tumatir.

Tungar ba wani gari ba ce. Rijiyoyi ne da garake a bakin wani ƙorama, tafiyar hantsi a kan jaki daga Arlit, gidaje ba su kai arba'in ba. Makabartarmu ta girmi tungar, ta girmi Arlit ɗin ma. Kabarin da ya fi tsufa na wata Ba'abziniya ce da ta rasu a ayari, aka kewaye ta da baƙaƙen duwatsu. Daga baya 'yan ci-rani suka sauka, mutanen Tawa da Maraɗi da Damagaram da fataken Katsina, wanda ajali ya riska sai a kwantar da shi kusa da ita. Ba a rubuta suna a kan kowa. Rajistar makabartar tana cikin kan Baba Illa, Ba'adare, wanda shi ya haƙa kusan dukkansu.

Kayan aikinmu biyar ne: diga, shebur, guduma da kurfin fasa dutse, sai wata doguwar sandar ƙarfe da Baba yake kira Kunne. Ƙasarmu taƙi biyu ce ta rairayi, daga nan sai tsakuwa mai kama da siminti, daga nan sai dutse. Za ka fara buɗe uwar kabari, mai faɗi, kudu da arewa. A tsakiyarta ka yanka ɗan kabari, matsattse, daidai yadda mutum zai kwanta a gefen damansa yana duban gabas. A kudu, a garuruwanmu, da kara ake auna mamaci, da itace ko fasassun tukwane ake rufe ɗan kabari. Nan babu kara, babu itacen ɓarna, shi ya sa muke awo da igiyar kaba, mu rufe da fale-falen duwatsu da muke ɓallowa daga tudu, mu liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Dutse ɗaya mai kyau yana iya cin yini. Wanda ya jira sai an yi mutuwa kafin ya tafi tudu, zai binne mutum da kunya.

Kunne kuwa aikinsa sauraro. Kafin ka sa diga a ko'ina, sai ka kafa shi ka danna a hankali, ka jingina ƙarshensa da muƙamuƙinka. Ƙasar da ba a taɓa buɗewa ba tana ƙin ƙarfe, tana gurnani. Wadda aka taɓa buɗewa tana karɓarsa kamar ƙullu, ko da shekara talatin ta yi. In ka ji ya taɓa falalen dutse ya yi amo, to akwai mai gida a ƙasa, ka yi sallama ka matsa. Na shekara biyu Baba yana tambayata: "Mi kaj ji?" ina cewa ban ji komai ba sai ciwon haƙori.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Fataken Kano da Katsina su ne malaman gini, kowa ya tsaya a bakin rami yana nuna maka inda za ka sara, ba mai karɓar diga. Abzinawa sukan zo da duwatsunsu a kan raƙumi, su tuɓe su shiga rami tare da kai, in an gama su haɗa shayi can nesa su miƙo maka kofin farko. 'Yan uwana Damagarawa sai sun tambaya sau uku ko gabas ɗin nan ita ce gabas. Akwai wanda ba shi da kowa, leburan da ya zo neman aiki ya tarar da ajali. Irin wannan Baba ya fi gyara masa kabari, yana cewa wanda ba shi da mai ziyara ai ɗakinsa ya kamata ya fi kyau.

Babban karatun sana'ar shi ne zagayen Juma'a. Da an sallame asuba muke fita, tun rairayi da sanyinsa. Hanyar tunga ta yamma take shiga makabarta. Akwai wani kututturen itacen kandili can nesa da duwatsun farko, a nan Baba yake tsayawa ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. Daga nan sai ya yi ta tafiya a karkace, ya ratsa hagu ya ratsa dama cikin fili fetal da ba komai a kansa, leɓɓansa suna motsi ba sauti. Ni ina biye, ina sa ƙafata inda ya ɗauke tasa, kamar yadda mai koyo yake yi. Sai mun isa dutsen farko, kabarin wata Hajara matar mai rijiya, sannan ya ɗaga murya: Hajara ta Mamman, Idi Bagobiri, Alhasan mai raƙuma da ƙaninsa, haka layi bayan layi har ƙarshen gabas. Ni kuma in maimaita. Cikin shekara uku na haddace su tsaf, ina iya kawo su a juye ma.

Wancan ɓangare na shiru kuwa ban taɓa tambaya ba. Na ƙirga takun, talatin da uku ne, sai na yanke wa kaina cewa tasbihi tsoho yake yi, karkacewar kuma gudun ƙaya ce. Na sha yi masa tsiya: "Baba, wannan ladabi naka ya yi yawa, tun daga Agadas za ka fara tuɓe takalmi wata rana." Sai ya yi murmushi ya ce: "Biyo ni dai, ɗan Damagaram." Ko ranar jana'iza da tsakar rana a nan yake tuɓewa, ni ma dole, har tafin ƙafata ya zama kamar na raƙumi. Ina kewar waɗannan safiyoyin ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Sai mummunar shekara ta zo. Tawaye ya sake tashi a duwatsu, aka fara jin nakiya ta tashi da mota a hanya kaza, soji suka ce duk wanda aka gani a daji ya kuka da kansa. Tunga ta watse. Wasu suka gangara kudu ba su dawo ba, mu muka shiga Arlit muka raɓa a gidajen dangi, albasa ta bushe a garka. Kusan shekara biyu ba wanda ya taka makabartar. A cikin wannan zama ne idon Baba Illa ya tafi, yana ɗakin ɗan ƙanensa, ƙafafu ma suka fara ƙi. Abin mamaki, a daidai lokacin da muke tsoron fita bayan gari, a lokacin ne kuma garin ya cika da baƙi. Yuraniyom ya yi daraja, ana maganar sabon rami a Imuraren wanda aka ce zai ɗauki kowa aiki, samari suna ta sauka daga kudu da jakunkunansu.

Da ƙura ta lafa muka koma tunga, mu 'yan kaɗan, Baba kuwa ya zauna a Arlit. Na tarar rairayi ya hau kan layukan yamma, kututturen kandili kuma wani ya tone shi ya yi makamashi. Ina cikin gyara ke nan wata Laraba sai ga farar mota. Wani injiniya ya fito, Musa sunansa, saurayi mai ladabi, na wani kamfanin kwangila da aka ba shimfiɗa hanyar manyan motoci. Ya buɗe taswira ya ce hanyarsu ta gefen yammacinmu za ta bi, kuma ba ya son ya taɓa kabarin kowa.

"Malam Sani, an ce kai ne mai wurin. Nuna mini inda makabarta ta ƙare, in kafa turke, ba za mu wuce shi ba."

Kaina ya kumbura. Na kai shi kan dutsen Hajara na kawo masa sunaye layi biyu don ya san da wa yake magana. Na kafa Kunne yamma da ita, taku uku, taku biyar, taku takwas, ƙasa tana gurnani ko'ina. Na ce nan ne ƙarshe, amma a bar wa Hajara taku goma na mutunci. Ya kafa turke mai jan fenti, ya rubuta takarda, na dangwala yatsa. Ya ce ranar Asabar katafila za ta iso.

Washegari na shiga Arlit na sayo wa Baba goro, na zauna a bakin tabarmarsa ina ba shi labarin yadda na tsare mana makabarta.

"Ina kas sa turken?"

"Taku goma yamma da Hajara, Baba."

Ya daina tauna goro. Ya fara lalube a ƙasa da hannu.

"Me kake nema, Baba?"

"Takalmina. Shekara nawa kana biye da ni?"

"Sha biyar."

"Ina nike tuɓe takalmi? Wurin Hajara?"

Na tuna da kututturen nan tun kafin ya ƙarasa.

"Ka ba da yara, Sani," ya ce. Ranar ce kaɗai ya taɓa kirana da sunana. "Tahi kasuwar bisashe ka biɗo min Aghali."

Aghali tsohon makiyayi ne, Ba'abzine, abokin Baba tun zamanin da ba a gina Akokan ba. A hanyarmu ta dawowa daga kasuwa ya ba ni tarihin da ban sani ba. Shekaru kafin zuwana an yi shekarar ƙyanda a tunga. Yara suna mutuwa yau ɗaya, gobe biyu, ba lokacin zuwa tudu fasa dutse. Sai suka ware musu wuri can yamma inda rairayi yake da zurfi da saurin haƙa, suka riƙa tsaga tano, wato duron ƙarfe na zuba mai, gida biyu suna kifawa a kan ɗan kabari. 'Yan tsakuwoyin da aka jera a sama iska da awaki suka watsar. Iyayen yaran kuma yawancinsu 'yan ci-rani ne, sun koma kudu tuntuni. Na tambaye shi me ya sa Baba bai taɓa kiran sunayensu a zagaye ba. Aghali ya ja rawaninsa sama ya ce: "Kai Bahaushe ne, za ka gani."

Juma'a na yini ina neman injiniya Musa, sai da yamma na same shi. Ya saurare ni, ya ce takarda ta riga ta tafi wurin manya da yatsana a jiki, kuma shi da idonsa bai ga komai a filin ba. Ba zai iya tsayar da katafila a kan maganar baki ba. Amma ya ce in na nuna masa ko guda ɗaya kafin ta fara aiki, zai san abin yi.

Asabar da hantsi muka iso a amalanken jaki, muna bin sawun tayoyin mota sak, don har lokacin ba mai yarda ya kauce saboda nakiya. Katafila tana can tana ruri, direbanta yana shan taba. Muka sauke Baba, Aghali ya riƙe shi ta dama, ni ta hagu. Ya ce a kai shi dutsen Hajara. Ya shafa shi da hannu, ya juya yamma, ya ƙirga taku goma sha biyu, wato biyu bayan jan turken nan nawa. Ya tuɓe takalmi ya ce: "Kahwa."

Na kafa Kunne na danna. Ya shiga kamu ɗaya, ba amo. Na matsa taƙi na sake, shiru. Sau biyar. Injiniya ya duba agogonsa, direban katafila ya yar da guntun tabarsa ya hau kujera. Na san in ƙarfen nan bai yi magana ba, bakin katafila ne zai tono su, kuma yatsana ne ya ba shi izini.

"Rairai ya ƙaru bisa," Baba ya ce. "Kai ƙasa, amma sannu. Kwano na, ba dutse ba, kak ka huda musu ɗaki."

Na sa muƙamuƙi na danna a hankali, kamu ɗaya da rabi, kamu biyu. Sai na ji ƙasa ta saki, ƙarfe ya sauka a kan wani abu ya ce ƙwal, amon tano wanda ba komai a cikinsa. Na kama hannun injiniya na jingina kuncinsa da sandar, na ɗan ɗaga na sake saukewa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ɗaga hannu, direba ya kashe inji.

"Wanga Sa'idu na, ɗan Habsu mai hura," Baba ya ce da ƙarfi. "Shi ad na ƙarshe da munka sa. Taku biyu hagu."

Haka muka yi ta yi, muna tafiya yamma a karkace, hanyar nan da ƙafata ta sani shekara sha biyar kaina bai sani ba. Baba ya faɗi taku, in kafa, tano ya amsa, ya kira suna, Aghali ya ɗora dutse. Tagwayen Mamman mai rijiya. Hadiza ɗiyar wani Bakatsine mai tireda. Wani ɗan Fulani da ba a kai ga suna ba. Injiniya ya ajiye taswira yana rubuta sunayen a bayan takardarsa. Da na waiwaya na ga direban katafila ya cire manyan takalmansa na aiki, yana ɗauko wa Aghali duwatsu, rairayi yana gasa masa ƙafa. Goma sha takwas muka ƙirga.

A taku na talatin da uku, daidai inda kututture yake a da, a tsakiyar inda hanya za ta bi, na kafa Kunne ya ce ƙwal. Muka jira suna. Baba ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suna motsi, ba sauti.

"Baba, wannan fa?" injiniya ya tambaya, alƙalami a hannu.

Sai Aghali ya ce: "Wannan yarinya nasa ne. Ɗan fari. Shi ne ya fara mutuwa, shekaranshi huɗu. Sunanshi Ramatu. Rubuta."

A nan na gane komai, na ji kamar in nutse. 'Yar fari ce. Bahaushen zamanin Baba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi ko a raye, balle ya zauna yana yi wa kabarinsa ado. Zagaye kuwa daga yamma yake farawa, sunanta ne na farko. Tun da ba zai iya faɗin nata ba, ba zai tsallake ta ya faɗi na 'ya'yan wasu ba, sai ya haɗa su duka ya riƙa karanta su a zuci. Ni da na zo daga gidan da ubana bai taɓa kiran yayana da suna ba har ya mutu, ni ne na ga haka na ce tasbihi ne.

Injiniya Musa ya tumɓuke jan turken da hannunsa ya kai shi can yamma. Na ji an ce ya sha faɗa wurin manyansa, ban san iyakar gaskiyar ba, amma hanya ta kauce. Ita ce kwanar nan da kuke gani, wadda direbobi suka riƙa zagi suna cewa wane mahaukaci ne ya lanƙwasa hanya a fili fetal. Ramin da aka yi ta domin sa ma har yau bai ba kowa aiki ba, motocin sun daina wucewa, rairayi yana cinye ta.

A kan amalanke muna komawa na kasa haƙuri na ce: "Baba, da ka gaya mini ko sau ɗaya."

Ya ce: "Kowace Juma'a ina gaya maka. Da ƙahwa."

Da sanyin shekarar ya rasu. Ya bar wa Aghali wasiyya, ba ni ba, wataƙila don kunya: a sa shi yamma da tano na ƙarshe, a tara masa manyan duwatsu waɗanda ko makaho zai yi tuntuɓe da su. Na auna shi da igiya sau biyu. Na saurari ƙasa sau uku kafin in sa diga, na bar kamu ɗaya tsakaninsa da ita. Dutsen rufinsa kwana biyu na yi ina zaɓa tun yana jinya, ban gaya wa kowa ba.

Saboda haka ku ajiye shebur ɗin nan tukuna, ba yau za ku taɓa shi ba. Ga tarin duwatsun can, shi ne farkon makabartar Tungar Garka, a nan za ku tuɓe takalmanku. Ku biyo bayana, ku sa ƙafa inda na ɗauke tawa, abin da na faɗa ku maimaita da ƙarfi yadda na baya zai ji. Illa Ba'adare, mai haƙa. Sai wadda take kusa da shi, Ramatu ɗiyar Illa.